Takalmin gudu mai fallen kabon: Kilomita nawa yake yi kafin ya mutu?

A ranar 24 ga Satumba, 2023, 'yar ƙasar Habasha Tigst Assefa ta gama gudun fanfalaki na birnin Berlin, mai nisan kilomita 42 da mita 195, cikin awa 2 da minti 11 da daƙiƙa 53. Ta zabtare fiye da minti biyu daga tarihin da mata suka kafa a duniya. Washegari rabin hirar ba a kanta aka yi ba, a kan takalmin da ke ƙafarta aka yi. Sunansa Adizero Adios Pro Evo 1 na kamfanin Adidas. Nauyinsa giram 138, kuɗinsa Yuro 500, wato wajen jaka 328 na sefa. Kamfanin kuma bai ɓoye wa kowa ba: an ƙera shi ne don gasa guda ɗaya, sai ɗan gwajin da za a yi kafin ranar.

A nan Kodebuwa mafi ƙarancin albashi jaka 75 ne tun daga watan Janairun 2023. Ka ga ke nan ma'aikaci zai yi wata huɗu da 'yan kai bai ci ba, bai sha ba, bai biya haya ba, kafin ya sayi takalmin da zai yi masa aikin safiya ɗaya.

To yau dangin wannan takalmi sun iso mana. Duk wanda ya ratsa layin masu takalma a Adjamé, ko ya zaga gefen babbar kasuwar Treichville, ya gan su a rataye: tafi mai kauri kamar burodi, hanci a ɗage, launi mai kashe ido. Akwai sababbi, akwai jabu, akwai kuma na gwanjo, wanda mutanen gari ke kira yugu-yugu, mu kuma wasunmu ke cewa bosho. Samarinmu na sayensu, wasu don motsa jikin safiyar Lahadi, wasu don gasar fanfalaki ta birnin Abidjan, wasu kuma, masu takardar ɗan ƙasa, don gwajin gudu na shiga aikin jandarma ko ɗan sanda. A cikin wata biyu tsofaffin ɗalibaina uku suka yi min tambaya iri ɗaya: “Malam, wannan takalmin yana ƙarko kuwa?” Shi ya sa na ga ya dace a baje maganar a fili, tunda kuɗin gumi ne ake zubawa.

Mene ne a cikinsa?

Abu biyu ne suka raba shi da kambas ɗin da muka saba. Na farko, wani siririn falle mai tauri da aka yi da zaren kabon, an lanƙwasa shi kamar cokali, an binne shi a tsakiyar tafin takalmin tun daga dunduniya har yatsu. Na biyu, wani irin soso mara nauyi da ke sama da ƙasan fallen. Masana na kiransa PEBA, wanda ya fi shahara kuma shi ne Pebax na kamfanin Arkema da ke Faransa. Nike ta raɗa wa nata suna ZoomX.

Duk lokacin da ƙafa ta dira ƙasa, soso yana matsewa, sannan ya buɗe ya turo ƙafar sama. A gwajin da aka yi a Jami'ar Colorado ta Amurka, wanda aka wallafa a 2017, an tarar soson Vaporfly na Nike yana maido da kashi 87 cikin 100 na ƙarfin da aka danna masa, alhali tsohon soso irin EVA, wanda ke cikin yawancin kambas, yana maido da wajen kashi 66 ne kacal. Mutum 18 gwanayen gudu aka gwada, aka ga takalmin ya rage musu ƙarfin da suke ƙonawa da kusan kashi 4 cikin 100. Ya kamata a sani cewa Nike ce ta ɗauki nauyin binciken, amma wasu masu bincike da ba su da alaƙa da ita sun sake gwadawa daga baya sun ga ribar tana nan.

Daga nan aka shiga kakkarya tarihi. A watan Mayun 2017 Eliud Kipchoge na Kenya ya yi awa 2 da daƙiƙa 25 a Monza ta Italiya. Ranar 12 ga Oktoba, 2019 a Vienna ya sauko ƙasa da awa biyu, ya yi awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40, duk da ba a lissafa shi a tarihin gasa ba saboda yadda aka tsara gudun. Washegari Brigid Kosgei ta yi awa 2 da minti 14 da daƙiƙa 4 a Chicago. Surutu ya yi yawa, har a ƙarshen Janairun 2020 hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta kafa doka: kaurin tafin takalmin gasar titi kada ya wuce milimita 40, fallen kuma kada ya wuce ɗaya.

Soson ne ke mutuwa

A kasuwa kowa kabon yake ambata. Mai saye ya kama takalmi ya yi ƙoƙarin lanƙwasa shi, in ya ji ya ƙi, sai ya ce lafiya lau, kabon na nan. Gaskiya ne kabon na nan, kuma zai daɗe yana nan, domin ba kasafai yake karyewa ba. Sai dai shi ba shi ne zuciyar takalmin ba.

Akwai wani gwaji da ya burge ni, wanda Laura Healey da Wouter Hoogkamer suka wallafa. Sun sa zarto sun yanka fallen Vaporfly wuri shida har ya daina tauri, suka ba mutane suka yi gudu da shi. Da aka auna, ƙarfin da masu gudun ke ƙonawa bai wani canza ba. Ashe mafi yawan aikin soso ne ke yi. Fallen yana taimakawa ne wajen riƙe soson mai taushi kada ƙafa ta yi ta rawa a kansa, da kuma mirgina mutum gaba.

Shi kuwa soso, kowa ya san halin katifa. Sabuwa tana ɗaga ka. In ta sha kwanciya sai ta yi rami, ko da rigarta na nan fes kamar jiya aka ɗinka. Soson takalmi cike yake da 'yan mitsi-mitsin ɗakunan iska. Mai gudu yana dira ƙafa sau ɗaruruwa a kowace kilomita, kowace dira kuma da nauyin da ya ninka na jikinsa sau biyu ko fi. A hankali bangon ɗakunan ke lanƙwashewa, wasu su fashe, soson ya daskare. Daga waje takalmi na sheƙi, daga ciki ya riga ya gaji.

To kilomita nawa?

Amsa mafi ƙarfi da na sani ta fito ne daga Sifaniya. Víctor Rodrigo-Carranza na Jami'ar Castilla-La Mancha da abokan aikinsa sun wallafa bincike a 2023. Sun ɗauki takalma iri biyu, dukansu da fallen kabon, ɗaya da soson PEBA, ɗaya da EVA. Suna sababbi, mai PEBA ya fi ɗan'uwansa da kusan kashi 2 cikin 100. Aka yi gudun kilomita 450 da kowanne a kan titi, aka sake aunawa. Mai PEBA ya yi asarar fiye da kashi 2 cikin 100, mai EVA kuwa kusan yadda yake haka ya tsaya. Wato bayan kilomita 450 mai tsadar da mai arahar sun zama ɗaya.

A lura, ba a ce takalmin ya yage ba, ba a ce ba ya sawuwa ba. Abin da ya tafi shi ne fifikon da aka biya kuɗi dominsa. Saboda haka takalmin nan rayuwa biyu gare shi. Ta farko gajera ce, lokacin da yake ba da ribar gudu, kuma masu gasa da yawa ba sa ma jiran kilomita 450, sukan sauke shi daga gasa tun yana da ɗari biyu ko uku. Ta biyu ita ce lokacin da ya koma kambas kamar kowane, a yi atisaye da shi har robar ƙasa ta cinye. Kambas na gudu na yau da kullum, shawarar da aka saba bayarwa ita ce a sauya shi tsakanin kilomita 500 da 800.

Lissafin ba ya zama ɗaya ga kowa. Mai nauyi ya fi saurin kashe soso. Mai dira da dunduniya yana cinye bayan takalmin da wuri, domin a nan kamfanoni ke rage roba don a rage nauyi. Soson wani kamfani kuma ya fi na wani juriya. Amma in mutum yana gudun kilomita 40 a mako, ya sa wannan takalmin kullum, to cikin mako 11 da 'yan kwanaki ya kai kilomita 450. Ko wata uku ba a cika ba.

Titin Abidjan ba na Berlin ba ne

An ƙera takalmin ne don kwalta mai santsi da aka share, aka tare motoci. Mai gudun da ya taso daga Adjamé da asuba, ya gangara Plateau, ya hau gadar Houphouët-Boigny ya sauka Treichville, shi ya san abin da ƙafarsa ke takawa. Akwai yashi a bakin titi, akwai tsakuwa, akwai murfin kwalbati, ga kauce wa gbaka da woro-woro da ke sa mutum tsalle daga kwalta zuwa dakali. Wurare da yawa a ƙasan takalmin babu roba, soso ne tsirara, kuma tsakuwa tana yagarsa kamar yadda ɓera ke yagar burodi. Masu zuwa dajin Banco su ma su sani, hanyar ƙasa da saiwoyin itace ba wurinsa ba ne. Tsayinsa da taushinsa na sa ƙafa ta gurɗe cikin sauƙi.

Sai kuma ruwa da zafi. Daga Mayu zuwa Yuli takalmi ba ya bushewa a garin nan. Ɗabi'armu kuma in ya jiƙe sai a jefa shi kan kwanon rufi rana ta gasa shi. Zafi irin wannan yana sassauta gam ɗin da ya haɗa roba da soso, yana kuma cutar da soson kansa. Abin da ya fi shi ne a cire shimfiɗar ciki, a cusa tsohuwar jarida, a ajiye a inuwa inda iska ke wucewa.

Na zauna wurin wani dattijo mai gyaran takalma a Treichville, mutumin Tawa, wanda ya fi shekara ashirin a bakin aikin. Na miƙa masa ɗaya na ce, “Baba, wannan in ya lalace yana gyaruwa?” Ya juya shi, ya danna da babban yatsa, ya ce in roba ce ta ɓanɓare zai manna ta, in saman ne ya yage zai yi masa faci. Amma ɗinkin zagaye da ake yi wa takalmin fata, basilla huda soson za ta yi ta ƙara kashe shi. Soson da ya kwanta kuwa, ya ce, ba shi da magani a akwatinsa, kuma bai san wanda ke da shi ba.

Abin da ke cikin dila

Yanzu a tambayi kai: me ya sa Bature mai gasa zai rabu da takalmin Yuro 250 alhali bai yage ba? Sau da yawa don ya ƙirga kilomitocinsa ne a waya ya ga ya cinye rayuwarsa ta farko. Sai ya jefa shi akwatin tara tsofaffin kaya, a ɗaure a dila, jirgin ruwa ya sauke a tashar Abidjan. A nan a wanke shi da omo da buroshi, a shafa wa gefensa farin fenti, a rataye. Takalmi ba shi da agogon kilomita irin na mota. Mai saye bai san nawa ya rage ba, mai sayarwa ma galibi bai sani ba.

Ba ina cewa duk na gwanjo matacce ba ne. Akan dace da wanda bai yi wa mai shi daidai ba ya bayar da shi yana kusan sabo. Amma dace ne, kuma wanda zai zuba jaka 25 ko 30 ya kamata ya duba waɗannan:

Na ɗaya, ka juya ƙasansa. In zanen robar ya shafe a dunduniya ko a ƙarƙashin yatsu, ko soson da ke fili ya yi baƙi ya ɓarɓashe, ya yi tafiya mai nisa.

Na biyu, ka ajiye ƙafa biyun a kan tebur ka duba ta baya. In ɗaya ta karkace gefe, soson ya kwanta ta ɓangare guda, kuma haka zai riƙa karkatar da ƙafarka.

Na uku, ka cire shimfiɗar ciki ka danna da yatsa inda tudun ƙafa ke sauka, sannan ka danna tsakiya inda ba a cika takawa ba. In wurin farko ya yi tauri ko ya yi rami, ka ajiye. Layukan yamutsewa da ke gefen soso su kaɗai ba hujja ba ne, domin irin wannan soson yana yamutsewa tun a makon farko.

Na huɗu, ka karanta 'yar takardar da ke ciki. Kamfanoni irin su Nike suna buga watan da shekarar da aka ƙera takalmin.

Na biyar, ka auna nauyinsa a hannu. Na gaske bai cika wuce giram 200 da 'yan kai ba. In ka ji shi da nauyi kamar takalmin makaranta, ko ya naɗe a hannunka kamar silifa, ko aka ce maka sabo ne dal a kwali amma jaka 15, to ka san jabu ne. Araha ba ta ado.

Ga 'yan'uwana masu sayarwa kuma, da yawansu namu ne, tare muke sahu a masallaci. Mun san hukuncin ɓoye aibin haja a ciniki. Wankewa ba laifi ba ne, amma shafa fenti a rufe inda soso ya mutu, sannan a ce wa yaro sau ɗaya aka sa, wannan algus ne. In ba ka san tarihin takalmi ba, ka ce ba ka sani ba, ka yi masa farashin kambas. Wanda ka gaya wa gaskiya yau shi zai kawo maka abokansa gobe.

Lissafin aljihu

Mu ɗauki alli. Sabo na Yuro 250 ya kama wajen jaka 164, sama da albashin wata biyu na ƙaramin ma'aikaci. In aka raba da kilomita 450, kowace kilomita ta ci sefa 364. Gudun kilomita biyu ke nan ya cinye kuɗin garba mai kifi. A ce kuma ka sayi kambas na gudu mai kyau a jaka 40 ya yi maka kilomita 700, kowace kilomita sefa 57. Na gwanjo da ka saya jaka 25, in kilomita 100 ta rage masa, kowace ɗaya ta tashi sefa 250. Ka ga arahar ta zama tsada.

Sannan ribar kanta ba ɗaya ba ce ga kowa. Kashi 4 ɗin nan an same shi ne a jikin masu gudun kilomita 14 zuwa 18 a awa. Da Dustin Joubert da abokan aikinsa a Amurka suka gwada masu gudun kilomita 10 da 12 a awa, ribar ta sauko wajen kashi 1 zuwa ɗaya da rabi cikin 100, wasu ma ba su samu komai ba. Wanda ke cinye kilomita 10 cikin awa guda, abin da zai rage bai fi wajen rabin minti ba. Wata biyu na atisaye a kan tsari zai rage masa mintuna, kuma kyauta.

Akwai kuma batun lafiya. Takalmin yana canza yadda nauyi ke sauka a ƙafa. A 2023 likitocin wasanni ƙarƙashin Adam Tenforde sun ba da rahoton 'yan gudu biyar da suka samu rauni a wani ɗan ƙashi na tsakiyar ƙafa suna amfani da irin wannan takalmi. Mutum biyar ba su isa a yanke hukunci ba, amma sun isa a yi hattara. Kada a saye shi yau a shiga gwaji da shi gobe. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Shawarata

Ƙasar nan da gajeren zango aka san ta. Gabriel Tiacoh ya ciyo azurfa a mita 400 a gasar Olamfik ta Los Angeles a 1984, ga Murielle Ahouré, ga Marie-Josée Ta Lou. Dogon zango yanzu yake samun masoya, kuma abin farin ciki ne a ga samarinmu a titi da sassafe maimakon zaman shayi har rana ta take. Ba na son kuɗin takalmi ya zama abin da zai kore su. Yaran unguwa da leke na roba suke buga maracana su wuni suna gudu, Abebe Bikila kuma ba takalmi ya ci fanfalakin Olamfik a Rum a 1960. Ba cewa nake a koma gudu ba takalmi a kan kwaltar Adjamé ba. Ina tunatarwa ne cewa huhu da ƙafa su ne jari.

Ga mai motsa jiki, da ɗalibi mai shirin jarrabawar wasanni, da mai neman shiga aikin ɗamara: ku sayi kambas na gudu mai roba sosai a ƙasa, daidai ƙafa, da ɗan sarari a gaban babban yatsa. Ragowar kuɗin a ci abinci mai kyau.

Ga wanda ya kai matsayin da daƙiƙa talatin za ta raba shi da kyauta, ya saya in yana da hali, amma ya riƙe shi kamar kayan Sallah. Ya gwada shi sau biyu ko uku a kan kwalta mai kyau don ƙafa ta saba, ya ajiye sai ranar gasa. Ya sami ɗan littafi, ko ya buɗe shafi a waya, duk ranar da ya sa shi ya rubuta kilomita nawa ya yi. In lissafi ya doshi 300, ya fara kallonsa a matsayin na atisaye. In ya wuce 450, ya san abin da ya biya kuɗi dominsa ya ƙare, ko da takalmin na nan yana ƙyalli. In kuma zai sayar wa wani, ya nuna masa littafin.